Wa Zai Zaɓa Wa Yaro Littafi?

Akwai wata magana wadda ta zauna daram a bakin iyaye a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ta kuwa fi fitowa daga bakin mutanen da suka koyi karatu da girmansu a ajin yaƙi da jahilci. In aka tambayi ɗayansu irin littafin da ɗansa na ƙaramar sakandare ya ke karantawa, sai ya kaɗa kai ya ce, "Ai wannan ba gonata ba ce. Ni ɗan abin da na samu na Hausa ne, shi kuwa Turanci ya ke yi. Malaminsu shi ya san abin da ya dace da shi." Da ya ke maganar ta yi kama da tawali'u, ba a cika musa ta ba. Amma in an tone ta, sakaci ne ya naɗa rawani ya zauna a zaure, har ana faɗuwa ana gaishe shi. Albarkacin wannan magana yara da yawa sun yi shekara tara suna zuwa makaranta, sun fito ba su iya karanta wasiƙa su gane abin da ta ƙunsa ba.

To, a bi wannan mutum kasuwa a ga yadda ya ke ciniki. In rake ya je saye a Maƙarfi, ba ya yarda da ganin ɗauri daga nesa. Sai ya zaro kara guda daga tsakiya, ya dubi tsawon gaɓoɓinsa, ya duba ko tsutsa ta huda shi, ya karya ya ɗanɗana. In kwandon tumatir ne a Ikara, ya san mai kaya ya kan jera manya jajaye a bisa, saboda haka sai ya sa hannu ya tono na ƙasa. In saniya ce, sai ya buɗe bakinta ya dubi haƙora. Ba wanda ya isa ya cuce shi. Amma ranar da yaro ya ce, "Baba, an ce mu sayi littafi," sai ya laluba aljihu ya miƙa kuɗi, bai tambayi sunan littafin ba, balle ya buɗe shi. In babu kuɗin kuwa, ya ce a bari sai kaka, kakar ta zo ta wuce ba wanda ya tuna. Watau abin da zai shiga cikin yaro an bincike shi sarai, abin da zai shiga kansa kuwa an yi masa cinikin biri a sama.

Ya kamata a san irin yaran da a ke magana a kansu. A zamanin En'e, yaron da ya gama elementare a gundumomin arewacin Zazzau, in ya yi sa'a, a kan kai shi Makarantar Midil ta Zariya, wadda yau a ke kira Kwalejin Alhudahuda. Kaɗan ne su ke samun shiga, kuma can su ke kwana, can su ke tashi, malamai na lura da su dare da rana. Midil ta shuɗe tun cikin shekarun 1950. Daga 1982 yaran wannan tsara, watau 'yan shekara 11 zuwa 15, aji uku na ƙaramar sakandare su ke yi, dokar 2004 kuma ta ce tilas ne kowane yaro ya yi su. Ga kuwa babban bambanci wanda iyaye ba su lura da shi ba. Yawancin yaran Paki da Gimi da Likoro da Hunƙuyi 'yan jeka-ka-dawo ne. Kafin la'asar sun komo gida. Yamma da dare da Asabar da Lahadi da dukkan hutu, a hannun iyaye su ke. Aikin da malamin kwana ya ke yi wa ɗan Midil ya faɗo a kan uba da uwa, ko sun sani ko ba su sani ba.

Waɗannan shekaru kuwa su ne mararraba. A firamare yaro haɗa baƙi ya ke koyo. A nan ne a ke so ya riƙa ɗaukar takarda shi kaɗai, ya bi ta daga farko har ƙarshe, ya fito da ma'ana. Wanda ya ɗanɗani daɗin littafi a wannan lokaci ya kama shi ke nan har tsufa. Wanda bai ɗanɗana ba, karatu ya zame masa kamar noman gandu na tilas, ranar da aka sallame shi ya jefar da fartanya.

Masu cewa malami ya sani, sai a tambaye su, wane malami? Malamin kirki yana nan, Allah ya saka masa. Amma ajinsa cike ya ke, darasinsa bai kai awa guda ba, an kuma ɗora masa manhaja wadda dole ya ƙare kafin jarrabawa. Ina ya ga sukunin da zai zauna da yaro guda ya ji irin labarin da ya ke so? Ban da wannan kuma, mutanen Jihar Kaduna ba su manta da 2017 ba, shekarar da gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su ci ba. An yi gardama mai zafi a kan yadda aka yi jarrabawar, ba kuma nan ne wurin raba wannan gardama ba. Abin da ya shafi uba shi ne, makaranta kanta tana da nata ciwon. Mutumin da ya ji an ce rijiyar unguwa ta gurɓace, ba ya aika yaro ɗiban ruwa ya ƙi leƙa tulun.

Sa'an nan a dubi abin da a ke saye in an tashi saye. Mafi yawa ɗan littafin nan ne na tambayoyin jarrabawar baya da amsoshinsu. Shi ne uba ya ke biya da farin ciki, don an gaya masa shi ke sa a ci. Yaro ya haddace amsa, bai san inda tambayar ta fito ba. Wannan littafi taki ne, yana da amfani in akwai shuka. Amma manomin Kudan bai taɓa watsa taki a gonar da bai dasa kome ba ya koma gida yana jiran rake. Yaron da bai saba da doguwar magana a rubuce ba, ko an ba shi amsoshin shekara goma, ranar da aka juya tambaya kaɗan sai ya tsaya yana cizon alƙalami.

Yanzu sai babbar hujjarsu, wadda har waɗansu masu takardun shaida su ke taya su riƙewa: wai littafin Hausa ɓata lokaci ne, yana kuma ɓata wa yaro Turanci. Wannan magana ba ta da gindi, kuma tarihin Zariya kansa ya isa ya ƙaryata ta. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ta nemi malamai su rubuta labaru da Hausa. Cikin waɗanda suka amsa akwai Malam Abubakar Imam, sa'an nan yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Midil ta Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar. Akwai Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, da Malam Muhammadu Gwarzo mai Idon Matambayi, da Malam John Tafida wanda ya haɗa hannu da East suka yi Jiki Magayi. A lura, biyun farko malaman Midil ne, yara irin waɗannan su ke gani a gabansu kullum. To, Hausa ta ɓata musu Turanci? Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ya tafi Ingila a 1943 cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya yi magana da manyan can da harshensu. Tafawa Ɓalewa kuwa ya zama Firayim Minista a 1957, daɗin Turancinsa har yau ana labarinsa. In da rubutu da karatu da Hausa na kashe Turanci, da waɗannan mutane biyu ne za su fara zama bebaye.

An kuma gwada abin a fili, ba a bar shi ga zato ba. Daga 1970, Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun ɗauki waɗansu yara suka koya musu dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka bar shi darasi guda. Da aka auna su da takwarorinsu waɗanda aka juya wa harshe tun da wuri, ba su gaza ba a Turancin, suka kuma fi su a waɗansu darussa. Dalilin ba boyayye ba ne. Iya karatu sana'a guda ce. Idon da ya saba gudu a kan layi, da zuciyar da ta saba riƙe farkon labari har ta kai ƙarshensa, ba su kan manta ba don an sake harshe. Wanda ya iya huɗar dawa, in an kai shi gonar masara ba a sake koya masa riƙon garma.

Gwamnatin Tarayya ta yi ta juyi a kan wannan al'amari. A 2022 ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 ta janye ta ce a koma Turanci. Masu mulki su yi ta shawararsu. Amma duk yadda ta kaya a Abuja, ba wata doka da ta shiga zauren mutum a Saulawa ta hana shi miƙa wa ɗansa Magana Jari Ce bayan sallar isha'i. In ma makaranta ta rage wa Hausa wuri, sai nauyin ya ƙaru a gida.

Wani zai ce, "To, na yarda, amma ta ina zan fara? Littattafai sun yi yawa." Abin mamaki, mai wannan tambaya ya san amsarta tun yana yaro. Wa ya taɓa ganin malamin zaure ya fara wa ɗalibi da Askari? Sai ya yi Ƙawa'idi, ya yi Ahalari, ya yi Ishmawi, ya yi Iziyya, ya yi Risala, sa'an nan a ce ya isa. A makarantar allo ma daga gajerun surori a ke farawa a hau sama. Kakanni sun san littafi tsani ne, ba a tsallake matakala. Kuma uban da bai yi zurfi ba ya kan tsare ɗansa ya ce, "Kai, ina ka kai? Biya in ji." Bai taɓa cewa wannan ba gonarsa ba ce. Me ya sa da aka zo kan boko bakinsa ya mutu?

Tsanin boko na Hausa yana nan, an kuwa sassaƙa mafi yawansa a Zariya, tafiyar da ba ta kai yini ba daga ko'ina cikin ƙasashen nan uku. Yaron da ya shiga aji ɗaya, karatunsa na tafiya da ɗingishi, a fara masa da gajerun labaru masu ban dariya waɗanda zai ƙare a zama guda. Magana Jari Ce, wanda Imam ya zo Zariya ya rubuta a 1936, na farkonsa ya fito a 1937, don makaranta aka yi shi, kuma an gina shi da dabara: aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, saboda haka kowane dare da nasa, ƙarshen wannan na jan mutum zuwa wancan. Littafi uku ne, a bi su bi da bi. Ruwan Bagaja ɗan ƙarami ne, rikicin Alhaji da Malam Zurƙe kuwa ba yaron da zai ji shi bai yi dariya ba. Mai son jarumtaka a ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, ko Ganɗoki. Wanda hankalinsa ya karkata ga taurari da injuna a nema masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka yi yawo da shi cikin sararin sama, ko kuwa Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu. In ya kai aji uku, zuciyarsa ta fara ɗaukar abu mai nauyi, sai Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetare hamada da shi cikin bauta, da uwarsa wadda ta bi sawunsa. Wannan ba na dariya ba ne, kuma ya kamata uba ya kasance kusa sa'ad da a ke karanta shi, don yaro zai yi tambaya a kan bauta, gara ya ji amsa daga bakin babba. Kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966 shi ya gāji buga mafi yawan waɗannan. In an je saye a buɗe a duba, don akwai bugun sata mai dusasshen tawada, wani ma da shafuka a juye.

Saura hujja ta uku, ita ce kuwa mai ɗan ƙarfi, ba za a yi mata rashin adalci ba. Iyaye na cewa littattafan labari na ɓata tarbiyya, musamman na soyayya waɗanda suka yawaita daga Kano tun cikin shekarun 1980. Gaskiya ne akwai na banza a cikinsu, akwai waɗanda bai kamata yarinya 'yar shekara 12 ta gani ba. Mai tsoro yana da dalili. Inda aka ɓata shi ne wajen magani. A 2007 an tara irin waɗannan littattafai da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta a Kano, aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Me wutar ta ƙone? Takarda. Ba a daɗe ba labarun suka koma cikin wayar hannu, ana tura su ta WhatsApp, ana kuma karanta su da murya ana saurare. Da can littafi na da bango da sunan mai shi, uba na iya tsintarsa ƙarƙashin tabarma ya duba. Yanzu yana cikin aljihu, ba bango, sau da yawa ba sunan gaskiya, kuma abin da ke cikin waɗansu ya fi na da muni nesa. Gidan da aka yi wa littafi kora gaba ɗaya, wayar ce ta gāje wurin.

Kuma ba kowane littafi mai zancen so ne abin ƙi ba. Jiki Magayi, wanda kakanni suka karanta a makaranta, a kan me aka gina shi in ba so da kuɗi da ramuwar gayya ba? So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, ana lissafa shi cikin na farko da mace ta rubuta da Hausa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka yi wa irin haka. Uban da ke da 'ya a aji uku ya kamata ya karanta wannan shi da kansa tukuna, watakila ma ya fi 'yar bukatarsa. Ana raba tsaba da tsakuwa da faifai ne, ba a zubar da kwaryar duka.

A nan ne fa maganar nan ta "ba gonata ba ce" ta faɗi warwas. Waɗannan littattafai da a ke tsoro, da wane harshe aka rubuta su? Da Hausa. Wa ya iya karanta Hausa a gidan? Mutumin da ya yi watanni yana zama a kan benci da yamma, tsara na yi masa dariya, har ya karɓi takardar shaida. Ashe kuwa shi ne alƙalin da ya dace. Ya yi wa littafi abin da ya ke yi wa kwandon tumatir: ya karanta shafin farko, ya buɗe tsakiya ya karanta shafi biyu, ya leƙa ƙarshe. In ya ga abin da ba zai iya karantawa da ƙarfi a gaban surukinsa ba, ya ajiye. In ya ga labari ne mai kan gado, ya biya. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma fa sai babban ya buɗe ido.

Auna nauyin littafi ma ba wuya. A ba yaro ya karanta shafi guda da ƙarfi, uba na lanƙwasa yatsa duk inda ya yi tuntuɓe. In yatsun hannu guda sun ƙare shafi bai ƙare ba, littafin ya fi ƙarfinsa, a ajiye masa sai baɗi. In ya zarce kamar ruwa ba ko gargada, ya yi masa sauƙi, a ƙara masa mai ɗan tauri. Wannan gwaji yana aiki har ga littafin Turanci, don kunne na jin tuntuɓe ko bai san harshen ba. Bayan haka sai uba ya ce, "To, rufe. Gaya mini da Hausa abin da ka karanta." Yaron da ya gane zai faɗa. Wanda ya yi ta furta baƙaƙe kawai zai sunkuyar da kai. Cikin minti biyar uban da bai san ko kalma goma ta Turanci ba ya gano abin da takardar sakamako ta ɓoye masa shekara guda. Daga nan ya san abin da zai je ya tambayi malami, da ladabi, ba da faɗa ba.

Amma a yi hattara da abu guda. Kada a mai da wannan zama kotu. Waɗansu iyaye in sun ji an ce su kula, sai su ɗauko bulala su ajiye kusa da fitila. Yaron da aka doka a kan Ruwan Bagaja ya ƙi Ruwan Bagaja har abada. A bar shi ya zaɓa tsakanin biyu ko uku waɗanda uba ya riga ya tace. In ya fara wani ya ga bai yi masa ba, ya ajiye ya ɗauki wani, ba zunubi. In ya so ya maimaita guda sau uku, a ƙyale shi. Yaro ya yi shafi, uba ya yi shafi, ƙanne na saurare. In uban ya yi tuntuɓe ɗan ya gyara masa, kada ya ji kunya, don ranar nan yaron zai kwana yana jin karatu abu ne mai daraja, tun da har ya ba shi abin da zai taimaki mahaifinsa.

Uban ma yana da riba a ciki. Kowa ya san wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ya bar takarda shekara biyu, baƙaƙen su kan gudu su bar shi. Saboda wannan haɗari ne Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar NORLA a Zariya cikin shekarun 1950, ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta lardin Zazzau, don sababbin masu karatu su sami abin da za su riƙa wasa ido da shi. Hukumar ta rufe a 1959. Yau mai takardar shaida ba shi da wanda zai kawo masa irin wannan har ƙofa. Ɗansa na aji biyu shi ne abokin karatun da ya rage masa.

Duk abin da aka faɗa a kan uba, uwa ta fi shi iko a kansa, don ita ke tare da yara sa'ad da shi ya ke gona ko kasuwa. Mata da yawa sun shiga ajin manya da Islamiyya, sun iya karatu sarai. Kuma a nan ne a ke zaluntar 'ya'ya mata ba a sani ba. Namiji ya komo makaranta ya sami inuwa ya zauna. Mace ta komo, jaka ba ta kai ƙasa ba an ɗora mata tiren talla, ta dawo ta hau wanke-wanke, ta goyi ƙane. In an gan ta da littafi a ce ta cika son jiki. Sa'an nan ranar da sakamako ya fito a ce ai mata ba su da kai. Rabin awa tsakanin magariba da isha'i, in an ce nata ne ba mai aikenta, ba zai rushe gida ba. Uwar da ke tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa tana iya cewa, "Zo ki karanta mini in ji," hannu na aiki kunne na saurare.

Sai zancen kuɗi, wanda shi ne mafakar ƙarshe. Ba a musun cewa zamani ya yi tsanani. Amma kuɗin buhun taki guda ya sayi littattafan labari da yawa, mutum kuwa ya kan sayi buhu biyar bai yi ƙorafi ba, don ya san zai gani a gona. Katin wayar da a ke sa wa a wata ya fi kuɗin Ruwan Bagaja. Lokacin da aka sare rake, motoci suka yi lodi, masu mazarƙwaila suka kunna wuta, kuɗi na shiga hannu, a nan ya kamata a ware na littafi tare da na takalmi da na rigar makaranta, kafin biki da gudummawa su cinye. Mai zuwa Zariya ba ya ƙarewa a waɗannan garuruwa, ko ɗan kasuwa, ko direba, ko ɗalibin makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. A rubuta sunan littafi a takarda a ba shi saƙo.

Wanda kuma guda ɗaya kaɗai zai iya saye, ai an san adashi. Mutum goma waɗanda suka zauna benci ɗaya a ajin yaƙi da jahilci, kowa ya sayi littafi guda dabam da na ɗan'uwansa, ga littafi goma, kowane yaro ya sami na karantawa har shekara ta zagayo. A zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a manyan garuruwa inda mutum ke shiga ya karanta jarida kyauta. Na unguwa ba ya bukatar gini. Akwatin ƙarfe guda ya isa, mai murfi sosai saboda gara da ɓera da ɗigar damina, a ɗora shi a kan dutse a zauren wanda aka amince da shi. A yi wa kowane littafi riga da takardar buhun siminti. A sami ɗan littafin rubutu a ja masa layi uku, sunan yaro, sunan littafi, da ranar da zai mayar, ranar kasuwa ko Juma'a bayan an sauko. Mai riƙe da wannan rajista ya zama ɗaya daga cikin su goman, a riƙa karɓa-karɓa wata wata, yadda kowa hannunsa zai riƙa taɓa alƙalami.